A Ba Kafintocin Bauchi Zauren da Za Su Gwada Basirarsu

Ranar da ƙanwata za ta tashi daga gidan hayar da suka shekara uku a ciki a Gwallameji zuwa wani a Fadaman Mada, ni aka ɗora wa neman mota da 'yan dako. Mai a-kori-kura ya iso da hantsi, muna sa ran kafin azahar an gama. Kwanuka, buhunan abinci, katifa da firij duk suka fita lafiya. Da aka zo kan wadirob sai aiki ya tsaya cak. Mai ƙofa shida ne, ya cinye bango guda, kansa na gogar silin. A cikin ɗakin aka harhaɗa shi ranar jere, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambayar ta inda zai fita. Muka aika aka kira kafinta. Ya durƙusa ya latsa ƙasan katakon da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar burodin da ya sha shayi, domin ruwan goge ɗaki na shekara uku ya gama shigarsa. Ya sa sukundireba a sukuru na farko, yana ta juyawa a raminsa, bai fita ba bai kuma kama ba.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, zan kwance shi, amma ba zan yi maka alkawarin zai koma yadda yake ba. Irin wannan katakon sau ɗaya yake karɓar ƙusa."

Ƙanwata na tsaye bakin ƙofa da goyo, ba ta ce uffan ba. Ni da ita mun san bijimai biyu Baba ya sayar kafin a haɗa mata kayan ɗakin nan.

Tun ranar abin yake cina. Yawancin ma'auratan da na sani a garin Bauchi a gidan haya suka fara zama, ciki da falo ko ɗaki biyu, kuma da wuya su shekara biyar ba su tashi ba. Ko mai gida ya ƙara kuɗi, ko ya ce ɗansa zai yi aure, ko a yi wa miji canjin wurin aiki zuwa Azare ko Misau. Amma kayan da muke kai wa 'ya'yanmu mata kaya ne na wanda ya gina gidansa ya tabbata a nan zai tsufa: gado mai fuska kamar ƙofar gari, saitin kujerun da sai ƙarti huɗu sun taru a kan guda, sho-gilas ɗin da ba ya jure ramin hanya ko ɗaya. Rayuwarmu ta tashi-mu-koma ce, kayanmu kuwa na a-girke ne. Kowace ƙaura sai ta ci wani abu a jikinsu, daga ƙarshe a kira dillaliya ta ɗauke su a kuɗin da bai kai na katifar ba.

Ra'ayina shi ne Bauchi na buƙatar zaure guda, ko da ɗaki ne babba mai haske, inda kafintoci da masu walda da masu ɗinkin kushin da ɗalibai za su riƙa ajiye kayan ɗakin da suka ƙirƙiro na gwaji, musamman irin waɗanda ake harhaɗawa a kwance, a ƙara ko a rage, jama'a su shigo su gani, su taɓa, su zauna a kai, su kushe. Na san wani zai ce ana fama da abin kaiwa bakin salati wa yake ta zauren kallon kujeru. Amsata ita ce kuɗin da ke narkewa a kayan ɗaki kuɗin abincin ne, kuma daga aljihun talaka yake fita.

Abin da nake nufi da kayan harhaɗawa ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. A ce kafinta ya yi akwatuna na katako masu faɗi ɗaya da zurfi ɗaya, kowanne mutum guda zai iya ɗauka ya wuce da shi ta ƙofa. A ɗora uku a sa musu murfi, an samu wurin ajiye tufafi. A jera su a kwance a ɗora katifa siririya, an samu kujerar falo, wadda baƙo zai kwana a kai idan dare ya yi. Amarya ta tare da shida, idan Allah ya kawo haihuwa a sayo biyu a ƙara. Idan ruwa ya ɓata na ƙasa, shi kaɗai za a canza. Duk sirrin yana wurin awo da mahaɗi: kowane ɓangare ya dace da ɗan'uwansa, kuma abin da ke riƙe su ya zama noti ne da za a kwance sau goma bai gaji ba.

Turawa sun daɗe a kan wannan hanya. A 1859 wani kafinta Bajamushe da ya zauna a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Michael Thonet, ya fitar da kujerar da ake kira lamba 14: guntayen itace shida da aka lanƙwasa da tururi, sai 'yan sukurori. Idan aka kwance ta, guda 36 na shiga akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, shi ya sa ta zagaya duniya a jirgin ruwa. Kamfanin IKEA na Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya kama sayar da kaya a kwance cikin kwali ne a wajajen 1956, bayan an cire wa wani teburi ƙafafu don ya shiga mota. A 1960 kuma wani mai zane Bajamushe, Dieter Rams, ya tsara wata kantar bango mai lamba 606, wadda har yau ake ƙerawa, kuma wanda ya saya shekaru da dama da suka wuce zai iya sayen sabon ɓangare ya ƙara a kan tsohon.

Sai dai ba na so a ɗauka wani baƙon abu nake kira a kwaso mana. Duk wanda ya tashi a ɗakin kakarsa ya san gadon ƙarfe mai rumfa. Fuska, ƙafa da ragar tsakiya ne ke saƙale da juna, yara biyu za su kwance shi su ɗaura kafin shayi ya huce, kuma akwai gidajen da jikoki ke kwana a kan na kakarsu har yanzu. Jeren kwalla da samira da langa, ai shi ma tsari ne na ƙaramin ya hau kan babba, a ƙara idan an samu, a cire ɗaya a sayar idan ta ɓaci, sauran jeren na nan da kyansa. Tabarma ana naɗe ta a jingine, ɗakin kwana ya koma wurin cin abinci. Abin ɗora Alƙur'ani da ake sassaƙawa daga falanki guda, ya buɗe ya rufe ba ƙusa ba gam, har yau ban ga dabarar haɗa katako da ta fi shi burge ni ba. Fulanin da ke ratsa dazukan Toro da Ningi kuwa, gidan gaba ɗaya suke kwancewa, da gadon da jeren ƙoren, su ɗora wa takarkari, su kafa a wani mashekari kafin rana ta faɗi. Mutanen da suka gaji wannan bai kamata a ce wadirob ya gagare su fita ta ƙofa ba.

To me ya hana kafintocinmu yi? Hannu dai suna da shi. Ka bi ta wajen 'yan katako a kasuwar Muda Lawal, ko rumfunan da ke bakin titin Jos da na hanyar Yalwa, ka ga yadda yaro ɗan shekara ashirin zai kalli hoto a waya sau biyu ya fitar maka da gadon kamar ya tsaga kara. Abin da ya rasa shi ne damar yin kuskure. Kafinta ba ya sayen katako sai an ba shi kafin alƙalami, kuma mai kuɗin ya riga ya turo hoto ta WhatsApp ya ce irin wannan na Turkiyya yake so, kar a ƙara kar a rage. Falle ɗaya na MDF ko HDF, wato allon da ake matsawa daga garin katako da gam, idan ya yanka shi a kan wata dabarar da ta zo masa, ba ta yi ba, daga aljihunsa zai biya. Daga 2015 zuwa 2023 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da wasu kayayyaki samun dala a kasuwar gwamnati, kuma kayan ɗaki da filawud da dangoginsa na cikin jerin. An yi haka ne da niyyar raya na gida, ya kuma kawo wa kafintoci aiki, amma ya tsadantar da abin da suke aikin da shi, daga baya faɗuwar naira ta zo ta ƙarasa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai yi wasa da falle guda ba. Shagunan baje kaya da ke manyan tituna kuma abin da aka tabbata zai sayu suke ajiyewa, ba laifinsu ba ne, haya suke biya.

A nan zauren gwaji ya sha bamban da shago. A shago, kujerar da ba ta samu mai saye ba asara ce. A zaure, kujerar da mutum talatin suka zauna a kai suka ce bayanta ya cika miƙewa ta yi aikinta, domin mai ita zai koma ya gyara. A birnin Milan na Italiya ana yin babban bajekolin kayan ɗaki tun 1961, amma sai da suka ga buƙatar ware wani sashe a 1998 don matasa 'yan ƙasa da shekara 35 su nuna abin da ba kamfanin da ya saya tukuna. A wannan birnin ne a 1974 wani mai zane, Enzo Mari, ya nuna tebura da kujeru da gadajen da kowa zai iya yi da falanki da ƙusa da guduma kawai, ya kuma riƙa ba da zanen ga duk wanda ya nema, yana roƙon a aiko masa da hoton yadda aka sauya shi. A 2006 wata mata a Malesiya ta fara tara hotunan yadda mutane ke sauya wa kayan IKEA kama, kanta ta koma gadon yaro, dirowa ta koma teburin girki. Kamfanin ya nemi taka mata birki a 2014, jama'a suka yi ca, ya janye. Ko a nan gida, Legas na yin makon baje fasahar zane tun 2019. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne an samu wurin da aikin da bai gama nuna ba zai tsaya a gaban mutane.

Muna da waɗanda za su cika irin wannan zaure. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na koyar da zanen gine-gine da zanen kayan masana'antu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali, ga makarantun koyon sana'a. Kowace shekara ɗalibai na ƙera abubuwa don aikin kammala karatu, malami ya ba da maki, abin ya koma lungu ƙura ta rufe shi. Ɗalibin ya iya lissafin nauyi da zane a kwamfuta amma bai san yadda katako ke murɗewa da hunturu ba. Kafintan kuwa ya san wannan a tafin hannunsa, amma bai taɓa rubuta awon aikinsa a takarda don wani ya maimaita ba. Tsakanin Yalwa, inda jami'ar ke da haraba, da Muda Lawal tafiyar Keke Napep ce, amma kamar ba gari ɗaya suke ba.

Abin da zan fi so a fara da shi a zauren, kafin a kai ga ƙawa, shi ne a zauna a yarda da awo guda. Fallen katakon da kowa ke saye ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas. Idan aka tsayar da faɗi da zurfin akwati a kan abin da zai raba fallen nan daidai, ɓarnar guntaye za ta ragu, farashi ya sauka. Masu yin kabad a Turai sun daɗe da yarda su riƙa huda ramuka da tazarar milimita 32, shi ya sa hinjin wani kamfani ke hawa ƙofar wani. Mu ma idan ƙungiyar kafintoci ta amince da awo biyu ko uku, matar da aka yi wa kaya a Bauchi, aka mayar da mijinta Gombe, za ta iya zuwa wurin kafintan can ta ce a ƙara mata akwati biyu, su zauna daram a kan na da. Wannan ba ya buƙatar injin miliyoyi. Tef, ma'auni na ƙarfe mai ramuka da za a riƙa ɗorawa a huda, da kuma yarda da juna, su ke nan.

Da na kawo wannan magana a gida, gwaggonmu, wadda ba a jere a danginmu sai da ita, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai yaro, ranar da dangin miji suka shigo ganin ɗaki, akwatuna za ka nuna musu? So kake a ce uban yarinya ya gaza?" Ban raina maganarta ba, don ita ce gaskiyar da ta fi kowace nauyi a wannan batu. Kayan ɗaki a wurinmu sutura ce ta iyaye, kuma dukiya ce ta mace, abin da za ta kira nata ko da zama ya ƙi daɗi. Wanda duk ya zo da wani tsari da zai sa amarya ta sunkuyar da kai a gaban dangin miji, ya tabbata shi kaɗai zai yi ta sha'awar abinsa. Shi ya sa nake cewa a nuna, kar a tsaya wa'azi. Ido ba ya son abin da bai taɓa gani ba. Gwaggo ba ta ƙi kayan harhaɗawa ba, akwatin sabulu ne ya zo mata a rai da na ce akwati. Da za ta shiga zaure ta tarar da bango guda an jera shi tsaf, ƙofofin an lulluɓe su da jar fata mai aikin dukawa, ko an saka musu gwangwala da kaba, ko an zana musu dagi, ga madubi a tsakiya, sannan a kwance shi a gabanta cikin rabin sa'a a mayar, na tabbata da wani zancen za ta fito. Ita ma ai gadon ƙarfe aka kai ta da shi. Kuma duk zauren da aka buɗe ba a sa mata a cikin masu zaɓen abin da za a nuna ba, an yi aikin banza. Su ne suka san tsawon da hannu ke kaiwa da goyo a baya, su suka san inda kyankyaso ke ɓuya, su ne kuma ke goge ƙarƙashin kayan kullum safiya.

Kafintoci ma suna da nasu tsoron, kuma na ji shi daga bakin fiye da ɗaya: ka sha wahala ka ƙirƙiro abu, ka ajiye a fili, gobe maƙwabcinka ya ɗauki hoto ya yi irinsa ya karya farashi. Hakan zai faru, ba makawa. Amma yanzu ma kwaikwayon ake yi, na mutanen Istanbul da Dubai waɗanda ba su san da zamanmu ba. A zaure aƙalla za a rubuta sunan mai aiki da unguwarsa da ranar da ya kawo, duk garin ya san daga hannun wa abin ya fito. A sana'ar da ake samun ciniki ta hanyar "wa ya yi miki wannan?", suna ba ƙaramin jari ba ne.

Akwai kuma maganar itacen kansa, wadda ba na jin za mu iya ci gaba da kawar da kai daga gare ta. Maɗaci da kirya da ƙawo da iyayenmu suka yi ƙofofi da turame da su sun yi wuya. Madobiya kuwa an yi mata yankan ƙauna ana lodawa zuwa Sin, musamman daga Taraba, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. Dajin Lame-Burra na nan yana fama da masu zarto da masu gawayi. Kayan da za a yar bayan shekara huɗu a sake sabo ɓarna ce ko da na garin katako ne. MDF ba abin ƙi ba ne, yana da santsi yana karɓar fenti, amma ba ya shiri da ruwa kuma ba ya riƙe sukuru sau biyu. Wurin gwaji ne zai nuna inda ya dace a sa shi da inda bai dace ba: ƙashin kaya ya zama na ƙarfe ko katako mai ƙwari, ƙafafu su ɗaga daga ƙasa yadda tsumman goge-goge zai wuce, MDF ya tsaya a ƙofofi da fuska. Masu waldarmu da ke ƙera ƙofofi da tagogi za su iya wannan ƙashin ba tare da an koya musu komai ba.

Ba na roƙon gwamnati ta gina wani katafaren gini a yanka kintinkiri. Akwai ɗakunan taro da gine-ginen hukuma a garin nan da ke rufe yawancin shekara. A ba da ɗaya, a sa wuta da mai gadi, a bar wa kafintoci da malamai da mata masu harkar jere su tafiyar da shi, a riƙa sauya kayan duk bayan wata uku. 'Yan kasuwar katako su ba da falle goma-goma ga matasan da aka zaɓa, a rubuta sunan shagonsu a jikin aikin. Inda hukuma za ta fi amfani shi ne wurin saye. Ita ce babbar mai sayen bencin makaranta da gadon asibiti da kabad ɗin ofis, kuma duk wanda ya leƙa bayan ajin firamare ya ga tulin bencin da ƙafa ɗaya kawai ta karye aka jefar. Da a ce ƙafar noti ne ya riƙe ta, kuma awonta ɗaya ne a duk jihar, da mai gadin makaranta ma zai canza ta. Haka gwamnatocin da ke aurar da zawarawa da marasa galihu, kamar yadda Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a 2023 ta kuma ba su gado da katifa da sauran kaya. Irin wannan ciniki guda ɗaya ya isa ya sa sabon tsari ya kama ƙasa.

Wadirob ɗin ƙanwata dai ya isa Fadaman Mada a gunduwa-gunduwa bayan la'asar. Kafintan ya kwana biyu a kansa. Ya yanke ƙasan da ya kumbura, ya sa mai walda ya yi masa gindi na ƙarfe mai ƙafafu, ya raba shi gida biyu masu ƙofa bibbiyu, kowanne na tsayuwa da kansa, ya haɗa su ta ciki da noti huɗu. Ɓangaren da ya rage bai yar ba. Ya fitar da wata 'yar kanta mai hawa uku da ke rataye a bangon kicin, ya yi mata wani katako da ke saukowa ya zama teburin yanka albasa, a ɗaga shi ya koma murfi ya rufe kayan miya. Ba wanda ya turo masa hoton wannan. Na tambaye shi ko ya taɓa yi wa wani irinta, ya ce a'a, tun yana yaron shago take ransa, bai dai samu katakon da ba na kowa ba sai ranar. Na ce ya ɗauki hotonta, ya ce wayarsa ba caji, ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Tana nan a bayan ƙofar kicin, daga ƙanwata sai maƙwabtanta biyu suka taɓa ganinta, kuma ɗaya daga cikinsu ta riga ta karɓi lambarsa.